Abin da Haulatu Ta Faɗa Wa Kwamiti

Haulatu ce kaɗai ta kai jami'a a cikin 'ya'yan Malam Nu'uman. Mahaifinta yana da makarantar allo a Zongon Lome, a zauren da nasa uban ya gina bayan an tashe su daga tsohon Zongo na cikin gari an dawo da su nan arewa. Kakan nata Bakatsine ne, fataucin goro ya kawo shi, karantarwa ta zaunar da shi. Malam Nu'uman a Lome aka haife shi, shi ne kuma na'ibin limamin masallacin layinsu. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Haulatu, saboda haka ba ya kiranta da suna, sai dai ya ce "Uwata".

Da ta gama lisans, wato digiri na farko, a fannin koyarwa sai ta ce za ta nemi masta, digiri na biyu. Ba ƙaramin aiki ba ne. Ana son sakamakon kowane zango na shekarun da ta yi, kuma maki ya haura wani mataki. Ana son takardar haihuwa da shaidar zama 'yar ƙasa, kowacce da hatimi. Sai ta rubuta dalilinta na neman gurbin, ta tsara binciken da take son yi, ta samo malamin da zai yarda ya kula da aikin. Bayan duk wannan, waɗanda aka tace sai su zauna gaban kwamiti a yi masu tambayoyi baki da baki. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa sun cika baranda.

Malam Nu'uman bai san rabin abin da ake nufi da waɗannan takardu ba, amma shi ya yi ta rakiya. In an tashi yara da hantsi sai ya saka babbar riga, su hau zemijan biyu, wato baburan haya, ita gaba shi baya, su nufi inda ake buga hatimi. Tana layi, yana kan benci yana jan carbi. Shaidar ƙasa ta ɗan ba su wuya don sunan kakanta ya nuna daga inda aka fito, sai da aka bi ta ɓangaren mahaifiyarta, Inna Ajaratu, 'yar ƙabilar Kotokoli daga Sokode, mai sayar da gwanjo a kasuwar Hédzranawoé. Ranar da takardar ta fito, Malam ya riƙe ta da hannu biyu yana dubawa, ko da yake ba ya karanta Faransanci.

Haka yake tun tana ƙarama. Shi ya kai ta lekol, wato makarantar boko, da hannunsa, lokacin da maƙwabcinsa Malam Alassani yake cewa duk wanda ya kai 'ya mace can ya yi asararta. Shi Malam Alassani yana da 'ya, Radiyya, sa'ar Haulatu, wadda uwarta ta sa a lekol a ɓoye. Da ya gane sai ya ƙwace kayan makarantar ya kulle a akwati. Malam Nu'uman ne ya sa aka ɗinka mata wasu, ya ce ta riƙa shigowa gidansa tana sakawa da safe, ta cire in ta dawo. An yi haka har zuwa lokacin da maganar ta fito, Radiyya ta bar karatu ta koma koyon ɗinki a unguwar Totsi. Malaman biyu sun daɗe ba sa doguwar gaisuwa, mutane suna cewa a kan wannan ne.

Binciken da Haulatu ta tsara a kan yaran da ke haɗa allo da lekol ne, yadda suke koyon karatu da baƙaƙe iri biyu, wannan daga dama, wancan daga hagu. Makarantar babanta take son ta yi aikin a ciki.

Ranar hira da kwamiti, ta durƙusa gabansa kafin ta fita. Ya yi addu'a ya tofa mata a tafin hannu, ya ce, "Abin da kika sani ki faɗa, Uwata. Wanda ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba."

Mutum uku ta tarar a bayan tebur, maza biyu da mace ɗaya. Macen ita ce Madam Dogbe, farfesar da ta karanta tsarin binciken ta ce za ta duba yiwuwar kula da shi. Da Faransanci aka yi komai. Na farkon ya tambaye ta yadda za ta auna ƙoƙarin yaran, ta fara amsa sai ta sarƙe, ta koma baya, ta sake sarƙewa. Ta ga ya ajiye biro ya duba agogo. A ranta ta ce shi ke nan, ta faɗi.

Na biyun ya ɗaga kai daga takardunta ya ce, "Makarantar da za ki yi binciken, ta mahaifinki ce?"

"Tasa ce."

"Marabu ne ke nan, malamin tsibbu."

"Malamin Alƙur'ani ne."

Madam Dogbe ta gyara zama, ta dube ta da wani irin tausayi, ta ce, "Kuma ya bar ki kika kawo har nan?"

Haulatu ta ga yadda duk ukun suka juyo. Tun da ta shigo, yanzu ne suka dube ta sosai. Ta ji amsar da suke jira, sai bakinta ya ba su ita.

"Da ƙyar," in ji ta.

Daga nan maganar ta yi ta zuwa da kanta. Ta ce babanta ya kulle mata kayan makaranta a akwati. Ta ce wani maƙwabci mai kirki ne ya ɗinka mata wasu, a gidansa take sakawa da safe ta cire da yamma. Faransancin da ya ƙi fita ɗazu ya zo mata tiryan-tiryan. Har muryarta ta yi rawa, don tana ganin fuskar Radiyya a ranta, tana tsaye a tsakar gidan Malam Nu'uman tana ɗaura ɗankwali cikin sauri. Mai duba agogo ya ɗauki bironsa ya yi rubutu. Madam Dogbe ta ce, "Mun gode, 'yata. Mun ji ki."

Ta fito baranda. Ta nemi famfo ta wanke fuska. Ta ce wa kanta magana ce ta cikin ɗaki, a can za ta mutu, babu wanda ya san Malam Nu'uman a jami'a, babu kuma abin da zai kai shi.

A gida ya tambaye ta yadda aka yi. Ta ce alhamdu lillahi. Ya ce, "Sun tambayi abin da ba ki sani ba?" Ta ce kaɗan. Ya yi dariya ya ce ai dole.

Da sakamako ya fito da sunanta a ciki, Inna Ajaratu ta rufe rumfa da wuri ta dawo da kaji. Aka dafa shinkafa da wake aka rarraba wa maƙwabta, har gidan Malam Alassani. Bayan la'asar Malam Nu'uman ya tsaya a ƙofar masallaci yana karɓar barka, yana ƙoƙarin bayyana wa tsofaffi mene ne masta. "Wanda ya sauke ne ya koma neman ilimi," in ji shi. Haulatu tana jin su ta taga. Aka zuba mata abinci ta kasa ci, Inna ta ce murna ce ta cika mata ciki.

Ba a jima ba Madam Dogbe ta kira ta a waya. Ta ce ta yarda za ta kula da aikin, amma al'adarta ce ba ta sa hannu sai ta ga wurin da ɗalibi zai yi bincike da idonta. Za ta zo Zongo ranar Asabar da safe.

Haulatu ta ce hanyar layinsu ta lalace da ruwan sama. Madam ta ce ta saba. Haulatu ta ce babanta ba ya son baƙi a lokacin karatu. Madam ta ce, "Na fahimta, ki bar ni da shi. Na san yadda ake magana da iyaye irinsa."

Haulatu ta yi ta juya abin a ranta har ta samo dabara. Babanta ba ya jin Faransanci, Madam ba ta jin Hausa, ita ce za ta yi tafinta. Duk abin da bai kamata ya wuce ba sai ta tare shi a tsakiya. Ta san babanta yana jin yaren Mina kamar kowane haifaffen Lome, amma ba ta taɓa jin Madam ta yi wani yare a jami'a ba in ba Faransanci ba, sai ta rataya fatanta a kan wannan.

Malam kuwa da ya ji malamar 'yarsa za ta zo, ya sa aka share zaure aka wanke tabarmi. Ya aro kujera mai hannu daga gidan liman. Inna ta dama fura ta sa a firji.

Ranar Asabar motar ta tsaya a bakin layi, Madam ta ƙaraso da ƙafa tana tsallake kwatami, ta yafa gyale don girmamawa. Yara suna ta karatu da ƙarfi. Malam ya ɗaga hannu suka yi shiru, ya miƙe, kafin Haulatu ta buɗe baki ya yi wa baƙuwa maraba da Mina. Fuskar Madam ta washe, ta amsa masa da Mina. Suka shiga gaisuwa, ya gida, ya aiki, ya yara. Ashe unguwar da ta girma ba ta da nisa da tsohon Zongo, har ta tuna mai tsiren da ke bakin hanya. Haulatu ta tsaya a gefe riƙe da kofin fura, babu mai bukatarta.

Madam ta zagaya ta duba alluna, ta tambayi yara nawa ne ke zuwa lekol, ta yi mamakin jin kusan dukkansu ne, har 'yan matan. Sannan ta zauna a kujerar, ta sassauta murya.

"Malam, ban zo duba makaranta kawai ba. Na zo in gode maka. Ba kowane uba ne yake sauya ra'ayi ba. Haulatu ta gaya mana yadda aka fara, yadda ka kulle kayanta a akwati, take zuwa gidan maƙwabci tana sakawa. Ban faɗa don in kunyata ka ba. Na faɗa ne don ka san abin da ka bari ya tsiro ba ƙarami ba ne."

Haulatu tana jin Mina sarai. Ta ji kowace kalma.

Malam Nu'uman bai juyo ya dube ta ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, ya daɗe, har Madam ta fara gyara gyalenta. Sannan ya ce, "Karatunta Allah ne ya nufa. Ita kuma ta yi ƙoƙari. Ki riƙe ta da kyau." Ya nuna kofin ya ce, "A ba baƙuwa ta sha."

Ya raka ta har mota. Ya dawo ya zauna a buzunsa, ya ce wa yara su ci gaba. Ya biya wa wannan, ya gyara wa wancan, har lokacin tashi ya yi. Haulatu ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado da hijabinta a jiki.

Bayan azahar ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida.

"Haulatu."

Inna Ajaratu da ke tankaɗe ta ɗago kai da sauri, don ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Haulatu ta fito ta bi shi zaure, ta durƙusa nesa da shi.

"Ke kika faɗa masu haka?"

"Ni ce, Baba."

"Sun tilasta ki?"

"A'a. Na ga kamar zan faɗi ne. Sai suka tambaya ko ka bar ni, sai na..."

"Sai kika ba su labarin Radiyya."

Ta gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan tabarma.

"Ban ƙaryata ki a gaban baƙuwa ba," in ji shi. "Ban kuma ce haka aka yi ba. Na yi ta neman abin da zan faɗa wanda ba zai zama ƙarya ba, ba zai kuma tona ki ba. Ban taɓa shan wuyar magana irin ta yau ba."

"Ka yafe mini, Baba."

"Wannan mai sauƙi ne, na yafe." Sannan ya ce, "Kin san abin da Alassani ya ce mini shekarun baya? Bai ce za ki lalace ba, kamar yadda mutane suke zato. Cewa ya yi ranar da kika zauna da manyansu, za ki ji kunyar a ce ni na haife ki. Na ce masa bai san 'yata ba. A kan wannan muka ɓata."

"Wallahi ban ji kunyarka ba."

"To me kika ji?"

Ya jira amsa, da ya ga babu, sai ya ce ta tashi ta je ta taya uwarta aiki.

Inna ba ta yi mata faɗa ba da ta ji. Ta dai ajiye rariya ta ce, "Mutumin da ya yi ta zaman benci saboda ke?"

Ranar Litinin Haulatu ta je ofishin Madam Dogbe. Ta ƙi zama. A tsaye ta faɗi komai, cewa labarin na maƙwabciyarsu ne, maƙwabcin mai kirki kuma shi ne babanta, shi ya kai ta lekol, shi ya raka ta neman kowace takarda da ke cikin fayil ɗinta.

Madam ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Ke nan na shiga gidan mutum, na zauna a kujerarsa, na yafe masa laifin da bai yi ba."

"Laifina ne, Madam."

"Naki ne. Amma ni na yi tambayar, kuma na san yadda na yi ta." Ta murza idanunta. "Zauna, akwai abin da ya kamata ki sani."

Haulatu ta zauna a bakin kujera.

"Makinki ya isa, tsarin bincikenki yana da kyau, ba don haka ba da ba ki kai gaban kwamiti ba. Amma a hira ba ki yi ƙoƙari ba. Gurbi na ƙarshe ya rage tsakaninki da wani saurayi, kun yi kunnen doki. Abokan aikina sun karkata gare shi. Ni na tsaya miki, kuma da wannan labarin na tsaya."

Haulatu ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "To a ba shi. Na janye."

"An rufe. An sa hannu, an yi rajista. In kin janye gurbin zai zauna babu kowa, shi kuma ba zai samu ba sai dai ya sake nema baɗi."

"Wane ne shi?"

"Ba zan gaya miki ba. Ba hakkinki ba ne, kuma in kin je wurinsa kanki za ki sauke wa nauyi, ba shi ba." Ta mayar da tabaraunta. "Zan sanar da sauran biyun, don da su aka yanke. Ban san abin da za su ce ba. In sun bar ki, zan kula da aikinki kamar yadda na yi alkawari, amma duk abin da kika rubuto mini daga Zongo sai na bincika shi sau biyu. Kin gane dalili."

"Na gane."

"Ki kuma tambayi mahaifinki ranar da zan iya dawowa. Ina da magana da shi, ba sai kin yi mana tafinta ba."

Kwamitin ya bar ta. Mai duba agogon nan ya daina amsa gaisuwarta a baranda, ɗayan kuma ya ce mata kawai ta yi aiki. Madam ta koma Zongo wata Asabar, ta zauna da Malam a zaure, Haulatu ba ta san abin da suka tattauna ba, babu kuma wanda ya gaya mata.

Aka fara darussa. A aji takan dubi kujerun, ta yi tunanin wanda ya kamata ya zauna a tata. Wani lokaci a tashar zemijan ta ga saurayi rungume da jakar takardu, sai ta kawar da kai. A unguwa kuwa har yanzu tsofaffi suna tsayar da ita su sa mata albarka, su ce ta fitar da Zongo kunya, ita kuma ta durƙusa ta ce amin.

Da lokacin fara bincike ya yi, ta shiga zaure da safe ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce, "Baba, yau ne zan fara, in ka yarda."

Ya dube ta, ya dubi yaran. Ya ce wa na kusa da bango su matsa.

"Can za ki zauna," in ji shi. "Ƙananan ba sa ɗaga murya, in kina nesa ba za ki ji inda suke kuskure ba."

Ta cire takalmi ta ratsa tsakanin alluna ta zauna. Wata yarinya mai wushirya ta matso da nata allon ta ɗora mata a cinya, ta sa yatsa a kan layin farko, ta fara karantawa.